Honda CG125, malamin 'yan koyo

A jera mini babura goma a ce in zaɓar wa ɗan koyo ɗaya, muddin akwai Honda CG125 a cikinsu ba zan ko waiwayi sauran taran ba. Na san akwai waɗanda suka fi shi gudu, akwai waɗanda suka fi shi ado, wasu har da allon kwamfuta a goshi. Su je da abinsu. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfe mai haƙuri da ɗan Adam irin wannan ba. Ka saki kuloci da garaje, ya mutu, ka buga kik ya tashi ba fushi. Ka ɗaure noti a karkace, ya lallaɓa ya kai ka gida. Yana koya maka tuƙi, yana koya maka gyara, kuma ba ya karɓar kuɗin makaranta mai yawa.

Wannan haƙuri ba dace aka yi ba, da gangan aka gina shi a cikinsa. A farkon shekarun 1970 Honda na shan kashi a kasuwannin ƙasashe masu tasowa a hannun babura masu hayaƙi, irin waɗanda ke ƙona fetur haɗe da mai. Nata ƙananan baburan, su CB100 da CB125, masu kyau ne a Japan, inda ake yin juye a kan kari, amma da sun tsallaka teku sai inji ya riƙa bugawa. Sai a 1974 kamfanin ya tura mutum biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan, su gane wa idonsu. Abin da suka tarar ba zai ba wani ɗan Kano ko ɗan Maradi mamaki ba: yaro a kan tanki, uwargida a baya, kaya a kariya, baƙin mai ya daskare ya zama kwalta, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana dukan murfinta. Ba a zuwa wurin makanike sai babur ya ƙi tashi.

Abin da ya sa nake ɗaga wa mutanen nan hula shi ne ba su koma gida suna zagin kwastomomi ba. Cewa suka yi, tunda haka mutane suke, a ƙera musu injin da zai zauna da su a hakan. A injinan da, kam, wato ƙullutun ƙarfen da ke buɗe bawul, yana can sama ne a kan silinda, sarƙar taimin ce ke juya shi, kuma shi ne na ƙarshen samun mai. Da mai ya ƙazanta ko ya yi ƙasa, shi ne na farkon ci. Sai suka sauko da shi ƙasa kusa da inda mai ke kwance, suka haɗa shi da giya a madadin sarƙa, suka bar masa ƙullutu ɗaya tak da ke yi wa bawul biyu aiki ta hanyar wasu sanduna biyu masu turawa sama. Ƙullutu ɗaya! Ba sarƙar taimin da za ta saki, ba abin ɗame ta da za a manta da shi. Matatar iska ta takarda kuma suka maye ta da soso, a wanke a mayar. Honda da kanta ta ba da labarin yadda aka kai samfurin injin Tailan, aka miƙa wa makanikai ba tare da bayani ba, suka harhaɗa shi cikin ƙasa da rabin awa. A 1975 ya shiga kasuwa.

Daga nan duniya ta ɗauka. A Burazil an fara ƙera shi a Manaus a 1976, Pelé ne ma ya yi tallarsa, a 1981 aka fitar da mai amfani da man rake zalla, har yau kuma sunan CG na nan a kan titunansu. A Pakistan kamfanin Atlas Honda bai daina ƙera shi ba, kuma mutanen can na barkwancin cewa sitikar tanki kaɗai ake sauyawa kowace shekara, amma su ne dai ke layin saye saboda ƙarar salansarsa da darajarsa a kasuwar na hannu. Ingila kuwa nan ya zama babur ɗin koyo na ainihi. Tun 1983 doka ta hana ɗan koyo hawa abin da ya wuce cc 125, a 1990 aka ƙaro horon dole kafin a hau titi, sai makarantun tuƙi suka cika da CG. Dubban masu manyan babura a can a kansa suka fara sanin inda giya ɗaya take. Bai bar kasuwar ba sai 2008, da dokokin hayaƙi na Turai suka tsananta, CBF125 ya gaje shi.

Mu ma muna da rabonmu, ko da ba mu sani ba. Kamfanonin Chongqing na ƙasar Sin, irin su Lifan da Zongshen da Loncin, sun kwaikwayi wannan inji, suka ƙera shi ba adadi. Babura da yawa da ke yawo a garuruwanmu da sunaye iri-iri, da kekunan dakon kaya masu ƙafa uku, in ka duƙa ka leƙa, jikokin CG ne. Amfanin wannan ga mai koyo babba ne: kayan gyara ba sa yankewa, kuma duk makaniken da ke gindin bishiya ya san cikin injin kamar tafin hannunsa.

To, ga inda daɗin yake. Kayan aikin da kake buƙata ba su cika ƙaramar jaka ba: sifana 10, 12, 14 da 17, babba lamba 24, sifanar fulogi, filaya, sukundireba, da siraran ƙarafan nan na awon bawul. A kan sukundireba akwai wani sirri da ya sha ɓata wa mutane rai. Sukurorin Japan masu kai kamar gicciye ba irin na Amurka ba ne, nasu ma'aunin daban ne, ana ce masa JIS, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun. Ka sa musu sukundireban da bai dace ba, ya zame, ya cinye kan, ka koma neman guduma da kurfi. Ka samo na JIS guda ɗaya, ka huta.

Juye shi ne darasi na farko, kuma shi ne ran babur ɗin. Kwata-kwata abin da injin ke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, wannan litar ce ke shafe fistin, ita ke shafe giya, ita ke jiƙa kuloci, ita ke rage zafi tunda iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Ƙaramin mai mai aiki huɗu dole ya gaji da wuri. A ƙurarmu da zafinmu ni ba na son ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Ka ɗumama injin, ka kwance babban murfin nan na lamba 24 a ƙasan gefen hagu, mai zai zubo, sifirin zai biyo, a bayansa ga ɗan rariya. Ka wanke rariyar da kananzir, ka dube ta da kyau a rana. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli, injin na gaya maka wani abu tun kafin ya fara ƙara. Babu wata matatar mai ta takarda da za ka saya. Akwai dai wata mai juyawa a bayan murfin kuloci, wadda ke wurga datti gefe, ita kuma sai an daɗe ake buɗewa a kankare. Wajen sayen mai ka duba galan ko akwai JASO MA a jiki. Wasu mayukan mota na zamani suna da santsin da ke sa kulocin babur sulɓewa, ka ja totur inji na ihu babur na tafiyar hawainiya.

Saitin bawul ne mutane ke jin tsoro, ni kuwa shi na fi so. Da safe, inji da sanyinsa, ka cire murfin sama, ka juya injin har alamar T ta daidaita da tsagarta. Ka taɓa hannayen bawul biyun, in duka suna ɗan motsi to kana daidai, in sun ƙame ka ƙara zagaye ɗaya cur. Tazarar milimita 0.08 ce, na shiga da na fita duk ɗaya, ba sai ka haddace lamba biyu ba. Ka sassauta noti, ka juya sukuru har ƙarfen awo ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, ka ɗaure, ka sake aunawa. Ranar da ɗan koyo ya fara yin wannan da hannunsa, ya buga kik, ya ji silo ya zauna tsaf yana tik-tik-tik, wallahi tafiyarsa ma sauyawa take yi. Kuma ka bar masa ɗan tik-tik ɗin nan. Bawul mai shiru ƙwarai shi ne abin tsoro, don matsatsen bawul ƙonewa yake yi.

Sauran ba su da wani dogon zance. Soson iska a wanke da kananzir, a matse shi ba a murɗe ba, a ɗan shafa masa mai, lokacin hunturu a yawaita. Sarƙa a bar mata wasan kimanin santimita 2 a tsakiya, a duba alamomin gefe biyu don kada taya ta karkace. Fulogi kuma a karanta launinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, fari fat fetur ya yi kaɗan kuma inji na cin wuta.

Sai kwaskwarima, inda jinin samari ke tafasa. A Turai da Indonesiya da Burazil an mayar da CG abin wasan masu fasaha. Wasu su yi masa siffar baburan tseren da samarin Landan ke taruwa da su a Ace Cafe a shekarun 1950 da 1960, hannu a ƙasa, sit ɗan guntu mai tozo. Wasu su ɗaga salansa sama, su sa masa tayoyi masu ƙuraje don hanyar burji. Wasu su bi salon Brat na Go Takamine, ɗan Japan, sit shimfiɗaɗɗe, an tsige duk wani tarkace. Firam ɗinsa miƙaƙƙe, wayoyinsa 'yan kaɗan, tankinsa noti ɗaya ke riƙe da shi ta baya, shi ya sa kowane salo ke karɓarsa. Ina kallon hotunan nan har in manta da abinci.

Amma in za ka ji tawa, kwaskwarimar da ta fi kowace riba ita ce wadda ba a gani a hoto. Taya mai kyau da takalmin birki mai kyau su ne farko, domin gaskiya ɗaya da ko masoyi ba zai ɓoye ba ita ce birkin gaban tsofaffin CG, na ganga, lallashi yake yi, ba ya tsawatarwa. Sai a 2004 na Turai ya samu na faifai. Fitilar na farko masu batir bolt 6 ma ba ta fi aci-balbal ba, har aka koma bolt 12 a tsakiyar shekarun 1980. Bayan waɗannan sai sifiroket, farantin haƙoran da sarƙa ke hawa. Ƙara haƙori ɗaya a na gaba, inji ya samu sarari a doguwar hanya, girgiza ta ragu, fetur ya ƙara auki, amma tashi ya ɗan yi nauyi. Mai dakon buhuna ko mai hawa tudu kuwa akasin haka zai yi. Da kuɗi kaɗan ka sauya halin babur gaba ɗaya, in bai yi maka ba ka mayar da na da cikin rabin awa.

Mai son ƙarfi na gaske zai sauya silinda da fistin. Na asali faɗinsa milimita 56.5 ne, na 150 kuwa 62, tsawon bugun bai sauya ba, 49.5. Ba zai mayar da dawakai goma sha ɗayan nan ashirin ba, gudun ma ba zai yi nisa da kilomita 100 a awa ba, amma ja daga ƙasa zai ƙaru, za ka ji shi in ka ɗauki mutum a baya. Sharaɗin dai a ƙara girman jet ɗin kafireto, in ba haka ba fulogi ya yi fari, fistin ya huje. A Ingila wannan aikin na fitar da babur daga hurumin lasisin ɗan koyo. Abin da ba na yafewa shi ne cire akwatin iska a maƙala ƙaramar matatar nan mai siffar mazurari a bakin kafireto. A titin Landan mai danshi ana iya yin wannan gayu. A Sakkwato ko Damagaram cikin watan Janairu, yashi kake ɗura wa ringi da hannunka, wata uku babur ya fara hayaƙi. Haka masu fasa salansa don ƙara: maƙwabta sun tsine, silo ya lalace, gudun kuma bai ƙaru ba. Yanke firam kuwa a bar wa mai walda na ƙwarai, kuma a tuna akwai ranar sayarwa.

In za ka sayi na hannu, ka je da sassafe ka ɗora tafinka a kan injin, ka tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba. Lafiyayyen CG ba ya wuce kik biyu ko uku da cok. Ka zaro sandar mai ka murza a yatsa, ka haska cikin tanki ka nemi tsatsa, ka kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe, ka ƙwanƙwasa sifoka ka ji ko akwai sakakkiya. Ka haɗa lambar firam da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi bayan harafi. Sannan kafin ku gama ciniki ka ware kuɗin hular kwano, da lita ɗaya ta mai, da sabon fulogi, don da ka isa gida juye za ka fara yi, ko da mai shi ya rantse jiya ya yi.