Jagaban Kwana Biyu: Daga Bagudo zuwa Malanbil

A garuruwan ƙasar Bagudo, daga Zagga zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo, da wuya ka rasa mutum ɗaya a unguwa wanda in samari ko magidanta sun yi shawarar ƙetarawa Jamhuriyar Benin su yi ƙarshen mako a kasuwar Malanbil, ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa. Ba shi da ofis, ba shi da takardar shaidar wata makaranta, sau da yawa ma ko mota ba shi da ita. Abin da yake da shi sanin lokaci ne. Ya san ranar da kasuwa ke batsewa, ya san watan da kogi ke fushi, ya san sa'ar da fura ke kan ganiyarta da sa'ar da kunu ke fara juyawa. Mutane shida su bi shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su dawo Lahadi da yamma, cikinsu ƙoshe, aljihunsu bai yi kuka ba, ba wanda ya kwana a hannun jandarma. Sai su ce tafiya ta yi sauƙi. Sauƙin nan aikin mutum ɗaya ne, kuma ina ganin ya cancanci a kira shi gwani.

Sana'ar tana da asali. Tun kafin Ingila da Faransa su raba wannan ƙasa a yarjejeniyarsu ta 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingilishi, fataken goro daga Kano da Sakkwato da Jega nan suke ƙetare Kwara, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Kowane ayari yana da madugu mai riƙe da ragamar tafiya, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango, a kowane gari kuma akwai fatoma mai saukar da baƙi. Ayarin jakuna ya wuce, amma ilimin bai tafi da shi ba. Wanda ke shirya tafiyar kwana biyu a yau yana haɗa aikin madugu da na jagaba a kansa shi kaɗai, fatoma kuwa har yanzu yana nan, sai dai yanzu ta waya ake sanar da shi zuwan baƙi.

Abin da gwanin yake fara dubawa ruwa ne. Garin Bagudo yana wannan gaɓa ta Kwara, Ka'oje da Illo da Lolo suna waccan, gadar Tuga ce ta haɗa su. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka da ƙarfi, wanda ke kai ƙololuwa wajen Satumba, shi ne mai cinye gonakin shinkafa da yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a duwatsun Gini tun da damina, ya yi ta jan ƙafa a fadamun Mali, bai iso nan ba sai cikin sanyin hunturu. Mai shirya tafiya ba ya sa rana sai ya tambayi masunta da masu kwale-kwale halin da ruwa ke ciki a wannan makon. In ya zama dole a shiga jirgi, shi ke ƙirga kawuna da buhuna kafin ya bar mutanensa su taka. Mutanen Kabi ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi a cikinsa. Don haka in ka ji ya ce, "A'a, Baba, mu dai za mu jira na baya," to ba tsoro ba ne, ya ga bakin jirgin ya kusa shan ruwa.

Sai iyaka. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Lolo, a faɗa Madekali, a miƙe zuwa Malanbil. Mai son Segbana da Kandi kuwa ta Tsamiya zai bi. A takarda abin ba wuya: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, in dai yana da shaidar tafiya da katin rigakafin shawara. A ƙasa kuwa iyakar nan tana da sauyin hali. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, Kamba da ke maƙwabtaka ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa Malanbil da garin Gaya na Nijar, har jama'a suka koma ƙetarawa da kwale-kwale a ƙarƙashinta. Ga kuma matsalar tsaro: 'yan bindigar Lakurawa a dazuzzukan gefenmu, 'yan bindiga masu kai hari a yankin Alibori a gefensu. Gwanin ba ya dogara da labarin makon jiya. Daren Alhamis yana kiran direba a tashar Lolo, ya kira fatomansa a can, ya ji ta bakin mutum biyu ko uku. In maganganunsu ba su zo ɗaya ba, ya fasa tafiyar, ko da an riga an yi guzuri. Kuma ba ya yarda dare ya riske su a hanya, zuwa ko dawowa.

Kuɗi ma sai an iya. Naira ba ta da tsayayyen farashi a gaban sefa, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, don haka yana canza abin da zai isa abinci da makwanci tun a bakin iyaka wurin ɗan canjin da ya sani, ya nemi ƙananan takardu da sulalla, don mai fura ba ta da canjin babbar takarda. Sannan ya zaunar da sababbin shiga ya koya musu ƙirga. A kasuwannin ƙasashen sefa da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai kaya ta ce maka ɗari, sefa 500 take nufi. In ta ce jika, 1,000 ke nan. Wanda bai san wannan ba zai yi ta murnar ya samu araha, sai an zo biya rigima ta tashi.

Duk wannan share fage ne. Inda gwanintar take bayyana sosai shi ne abin da za a sa a baki, da kuma jerin da za a bi.

Ba ya barin mutanensa su cika ciki a gida. Zangon farko Ka'oje ne, garin Fulani da shanu, kuma yana auna tafiyar yadda za a iske masu tallan nono ƙwaryarsu ba ta daɗe a rana ba. Shi ba ya sayen fura don ya gan ta fara. Zai ɓalli kaɗan ya murza tsakanin yatsu: furar da aka kirɓa da kyau tana da danƙo, ba ta da tsaki-tsaki, ƙamshin citta da kanumfari yana fitowa ba tare da ya danne na geron ba. Nonon kuma zai karkata ludayi ya ga yadda yake sauka. Ya san bambancin kindirmo, wanda ba a taɓa mansa ba, da nonon da aka kaɗe aka cire man. Ya san da rani, lokacin da shanu ba su da ciyawa, wasu kan ƙara ruwan kuka ko madarar gari don ƙwarya ta cika, kuma harshensa yana ganewa tun a kurɓar farko. Ba ya kunyata kowa a kan haka. "Inna, a dama mana na waccan ƙwaryar," shi ke nan abin da zai ce, ita ma ta gane ta gamu da wanda ya sani.

Asabar ita ce ranar Malanbil. Garin, wanda ya samo sunansa daga Malan, wani gwamnan Faransa a tsohuwar Dahome, yana da kasuwar da ake lissafawa ta biyu a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Albasar kwarin Kwara, shinkafar fadama, doya da garin rogo daga kudu, kifi busasshe, atamfa, duk nan suke haɗuwa, ana ciniki da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Baƙo zai so ya ga komai, sai ya ƙare bai ga komai ba. Jagaba yana zaɓar wuri huɗu ko biyar kawai. Da sassafe teburin mai shayi, da dogon burodin nan na ƙasashen Faransa mai ɓawo. Kafin rana ta take, wurin matan da ke sayar da wagashi, cukun Fulanin arewacin Benin, wanda ake ɗumama madara a zuba mata ruwan dakakken tumfafiya har ta kama, a tsane ta a ƙananan kwanduna, a rina bayanta ja da karan dafi. Ya fi son a ci shi soyayye da yaji, da zafinsa. Lokacin da zafi ya kai zafi, sai zoɓo da lemun citta da kunun tsamiya a inuwar rumfa. Kifi kuwa, giwan ruwa ne ko tarwaɗa, yana ajiye shi sai bayan la'asar a bakin kogi, wurin da ake gani da ido ana fitowa da shi daga ruwa.

Akwai wani sani da ba a cika faɗa a fili ba, alhali shi ne ya fi nauyi a wuyansa.  Arewacin Benin yana da giyarsa ta gargajiya, cukutu, 'yar'uwar burkutu, kuma da dawa ake yin ta. Jihar Kabi kuwa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, mutanen da jagaba ke ja kuma masu salla ne, sun ba shi amanar abin da zai shiga cikinsu. To, kunun zaƙi da burkutu a tushe ɗaya suke farawa. Dukansu suna amfani da tsiro, wato hatsin da aka jiƙa aka rufe har ya fitar da saiwa, domin tsiron ne ke narkar da gari ya mai da shi zaƙi. Mai kunu tana haɗa dafaffen ƙullu da ɗanye mai tsiro, ta bar shi ya kwana ɗaya, ta tace, ta sayar a ranar. Mai burkutu tana dafawa, ta bar shi ya yi tsami, ta sake dafawa, sannan ta zuba masa ragowar tsohuwar tukunya ta bar shi ya yi ta tafasa da kansa ba wuta. Tazarar da ke tsakaninsu lokaci ne da abin da aka zuba a ƙarshe. Shi ya sa gwanin ke kula da kumfa, da warin da ke bugun hanci, da robar da ta kumbura don ta wuni a rana. A garin da bai saba ba yana tambaya kai tsaye da harshen mai kayan, cikin ladabi, ita ma ta amsa masa da gaskiya, don masu wannan sana'a ba su son su shayar da wanda ba ya sha. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa kusan kullum za ka ga yaron fatoma na tafe a gefensa.

Makwanci kuwa ya gama da shi tun kafin a baro gida. Ranar kasuwa ɗakin haya yana wuya, saboda haka ko dai ya sa an kama musu tun Laraba, ko su sauka a zauren fatoma, a kai masa goro da ɗan tsaraba daga gida. Yana zaɓar wurin da ke kusa da masallaci da tasha, don kada a nemi ɗan kabu-kabu da asuba.

Lahadi ba ya yarda a yi sayayya mai nauyi. Ya san kayan da kwastan ke kamawa, shinkafar waje ce a kan gaba, kuma ya san buhu ɗaya na mutum ɗaya yana iya tsayar da mota guda har magariba. Duk wanda ya dage sai ya ɗauka, zai gaya masa tun a kasuwa cewa hanyarsu ta rabu. Sauran kuwa, kowa da ƙullin wagashinsa da aka sake tafasawa da gishiri don ya jure hanya, da ɗan garin rogo, da turmin atamfa na uwargida, yana tayar da su tun hantsi, don a yi azahar a Lolo, a ƙetare gadar Tuga da sauran rana.