Fara'a da Tuhuma a Wasan "The Macra Terror": Tarke da Gurbinsa a Manhajar Adabi

1.0 Gabatarwa

A bitar da muka yi wa ɓangaren adabi na manhajar Hausa, mun lura cewa ƙagaggen labarin kimiyya bai samu gurbin kirki ba. Malamin da ya so kawo misali daga rubutaccen zube da wuya ya wuce Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969. Wannan ƙaranci ya sa muka ga dacewar leƙa adabin wasu al'ummu domin samo abin kwatance. A nan za mu yi tarken wani wasan talabijin na Ingila mai suna The Macra Terror, mu dubi yadda ya gina tuhuma a zukatan wasu baƙi da suka sauka a wata tunga wadda mutanenta ba su da abin nunawa sai fara'a. Ra'ayinmu shi ne, darajar wasan tana ga yadda ya bambanta zato da tuhuma mai hujja, da yadda ya nuna abin da tuhumar take jawo wa mai ita. Za mu kuma bayyana inda wasan ya gaza.

2.0 Asalin Wasan

The Macra Terror labari ne mai kashi 4 a cikin jerin shirin Doctor Who na gidan talabijin na BBC. Ian Stuart Black ne ya rubuta shi, John Davies ya ba da umarni, aka kuma nuna shi daga 11 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, 1967. Patrick Troughton ne ya fito a matsayin Dakta, wato matafiyin da ke ratsa zamani da sararin samaniya a cikin jirginsa. Hotunan kashi huɗun duka sun salwanta daga taskar BBC, in ban da 'yan gutsattsari. Abin da ya tsira cikakke shi ne sautin da masu kallo suka naɗa a gidajensu, kuma a kan wannan sauti aka ɗora zane mai motsi aka sake fitar da wasan a 2019. Marubucin ya mayar da labarin littafi a 1987. Shirin ba baƙo ba ne ga Nijeriya, domin a 2013 aka sanar da gano kashi 9 na wasu labaransa biyu na zamanin Troughton a wata tashar talabijin da ke Jos.

Akwai abu guda da malami ke buƙatar sani kafin ya fahimci yanayin tungar. Mai kallo a Ingila a 1967 zai gane ta nan take, saboda an siffanta ta da sansanonin hutu irin waɗanda Billy Butlin ya fara buɗewa a Skegness a 1936, inda lasifika ke tashin mutane da safe, ma'aikata kuma suna jan su zuwa wasanni da raye-raye bisa jadawali. Wato marubucin ya ɗauki wurin da jama'arsa suka sani da nishaɗi ya mai da shi wurin fargaba.

3.0 Labarin a Taƙaice

Dakta da abokan tafiyarsa uku, Ben da Polly da Jamie, sun sauka a wata duniya inda 'yan Adam suka kafa tunga. Ana tarbarsu da kiɗa da waƙoƙin yabon aiki. Shugaban da ake gani shi ne Matuƙi, amma umarni yana fitowa ne daga Mai Kula, wanda ba a ganin komai nasa sai hotonsa a allo da muryarsa. Wani mazaunin tungar mai suna Medok ya nace cewa yana ganin wasu manyan halittu da dare, don haka aka ɗauke shi mai taɓin hankali. Daga baya ta bayyana cewa halittun, wato Macra, masu siffar ƙaguwa, su ne ke riƙe da tungar. Suna juya tunanin mutane, suna sa su haƙo wata iskar gas wadda guba ce ga ɗan Adam amma ita ce numfashin Macra. A ƙarshe an tarwatsa su da fashewar wannan iska.

4.0 Matakan Tuhuma

Abin da ya fi jan hankalinmu a zubi da tsarin wasan shi ne aikin farko da baƙin suka yi. Da saukarsu suka yi kiciɓis da Medok yana gudu, Ben da Jamie suka danne shi, shugaban 'yan sanda Ola ya zo ya yi musu godiya. Ke nan kafin su san komai sun taimaka an kama mutum ɗaya tilo da ke faɗin gaskiya a garin. Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma da wannan makanta labarin ya soma. Duk abin da ya biyo baya buɗewar ido ne sannu a hankali.

Matakin farko na tuhumar ba shi da wata hujja sai rashin natsuwa. An kai baƙin sashen gyaran jiki, aka yi musu wanka da aski da tausa. Na'ura ta goge tufafin Dakta ta taje gashinsa, shi kuwa ya faɗa wata na'urar ya dawo da kansa birkice kamar yadda ya saba. A sama abin dariya ne. A ƙarƙashi kuwa an nuna mana cewa karamcin tungar yana da sharaɗi, wato ka yarda a mai da kai kamar kowa. Yana da kyau malami ya san cewa an cire wannan fage daga zanen 2019, sai a sautin asali ake samunsa.

Mataki na biyu shi ne rashin daidaito tsakanin magana da aiki. In har babu abin tsoro, me ya kawo dokar hana fita da dare? In Medok mahaukaci ne kawai, me ya sa hukuma ta ɗaga hankalinta haka a kansa? Mai Kula yana musun samuwar Macra da ƙarfi, yana maimaitawa har muryarsa tana rawa, kuma wannan yawan musu shi ya fi komai tona asiri. Hakazalika harshen tungar yana lulluɓe ɗaci da zaƙi. Wurin da ake karya ra'ayin mutum ana kiransa asibiti, horo kuma ana kiransa gyara. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi amfani ga malamin harshe.

Mataki na uku shi ne gani da ido. Dakta ya saki Medok, ya bi shi da dare, suka ga halittar tare. Daga baya baƙin suka matsa sai an nuna musu Mai Kula na gaskiya. Maimakon kyakkyawan mutumin da ke cikin hoto, sai allo ya nuna wani tsoho raunanne a firgice, sannan wani hannu mai kama da awartaki ya fizge shi. A al'adance da an ce gani ya kori ji. Amma Matuƙi, wanda ya ga wannan da idonsa, sai ya bi umarnin muryar ya tura baƙin ramin haƙar gas. A ganinmu nan ne wasan ya fi zurfi, domin ya nuna cewa hujja ba ta wadatar da wanda aka riga aka hana shi amincewa da idonsa.

5.0 Rabon Tuhuma Tsakanin Taurari

Marubucin bai bar baƙin su yi tuhuma baki ɗaya ba. Ya raba ta a tsakaninsu, kuma daga wannan rabo ne rikicin wasan ya samo ƙarfinsa. Da dare, yayin da suke barci, wata murya mai taushi takan fito daga bango tana cusa musu biyayya. Wannan dabara ta koyarwa cikin barci ta riga ta fito a littafin Aldous Huxley mai suna Brave New World na 1932, kamar yadda hoton shugaba a allo ke tuna wa mai nazari littafin George Orwell na 1949. Jamie, ɗan tsaunukan Sikotlan da aka ɗauko daga yaƙin Culloden na 1746, ya farka ya ce yana jin mugun abu. Polly ta tsira saboda Dakta ya lalata wayoyin ɗakinta. Ben kuwa, sojan ruwa wanda ya saba da karɓar umarni, muryar ta kama shi.

Daga wannan dare tuhumar ta juya. Da farko baƙi ne ke tuhumar masu masauki, yanzu kuwa aboki ne ke tuhumar aboki. Ben ya kai ƙarar Dakta wurin 'yan sanda. Fagen da ya fi tsanani shi ne inda Macra ya kama Polly, Ben ya yi ta dukansa har ya sake ta, sannan da aka tsaya gaban Matuƙi ya ce bai ga komai ba. Hannunsa ya ceci abokiyarsa, bakinsa ya ƙaryata ta. Ba a gina Ben a matsayin mugu ba, kuma dawowarsa hayyacinsa ba ta zo farat ɗaya ba. Ya ga Jamie ya sace makullai, ya yi jinkiri kafin ya faɗa, kuma wannan jinkiri shi ne alamar farko ta warkewa. A ƙarshe shi ne ya juya na'urorin da suka halaka Macra.

Medok ma abin lura ne. Ya rufa wa Dakta asiri a gaban hukuma, ya ɗauki laifin shi kaɗai, aka kai shi asibitin gyara, aka jefa shi rukunin masu aiki mafi haɗari, ya kuma mutu a cikin tsohon rami kafin gaskiyarsa ta tabbata. Wasan bai yi wa mai faɗin gaskiya alƙawarin lada ba.

6.0 Raunin Wasan

Mun ga rauni uku. Na farko, an yi gaggawar nuna dodon. Tun a ƙarshen labarin da ya gabata an hasko hannunsa a allon jirgin Dakta, kuma a ƙarshen kashi na 1 an gan shi. Saboda haka mai kallo bai taɓa samun damar ruɗuwa da fara'ar tungar ba, balle ya yi shakkar Medok. Da an jinkirta, da tuhumar ta zama tamu tare da baƙin.

Na biyu, an rage wa Polly daraja. Ita ce ta ga Macra kusa da kusa, amma mafi yawan abin da aka ba ta shi ne kururuwa, shaidarta kuma ba ta yi nauyi ba sai da maza suka tabbatar.

Na uku, wanda ya fi girma, shi ne warwarar rikicin. Kashi uku an yi ana nuna cewa cutar tana cikin mutanen da suka daina tambaya, sai kashi na 4 ya ɗora laifin duka a kan ƙaguwa, ya kawar da ita da fashewa. Ola, wanda ya zaɓi biyayya ko bayan Matuƙi ya gano gaskiya, ba a tsaya an dubi lamarinsa da kyau ba. Bikin da aka rufe wasan da shi irin wanda aka buɗe da shi ne, kuma abin da ya fara zuwa wa mutanen a rai shi ne su naɗa Dakta sabon Matuƙi, shi kuwa ya sulale cikin rawa. Ana iya cewa da gangan marubucin ya yi haka don ya nuna ba su sauya ba, amma yanayin fagen na murna ne zalla, bai ba da wannan fassara ƙarfi ba.

7.0 Amfaninsa ga Manhaja

Muna sane da cewa wasu malamai za su yi ɗari-ɗari. Tarbiyyarmu ta hori baƙo da ya gode wa mai masauki, ta kuma ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wannan damuwa tana da tushe, kuma wasan da kansa yana taimakawa wajen amsa ta. Dakta bai zargi kowa a fili ba sai da ya saurari wanda ake ƙi, ya fita ya duba, ya gwada magana da aiki, ya kuma nemi a nuna masa. Hanyar bincike ke nan, kuma ita manhaja ke nufi idan ta ambaci tunani mai zurfi. Bisa ga haka muke ba da waɗannan shawarwari:

(a) A sanya wasan a darasin kwatanta adabi a kwalejojin ilimi, kusa da Tauraruwa Mai Wutsiya, a dubi yadda kowanne ya yi amfani da baƙunta a wata duniya don yin magana a kan tamu.

(b) Tun da wasan da Turanci yake, a zaɓi fagage biyu ko uku a ba ɗalibai su fassara, musamman sanarwar Mai Kula. Neman kalmar Hausa mai zaƙi da za ta ɓoye mugun nufi aiki ne da zai koya musu ma'ana da salo, har da masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu.

(c) A sa ɗalibai su zana jadawali mai nuna abin da kowane tauraro ya gani, da abin da ya yarda da shi, da abin da ya faɗa, a kowane kashi.

(d) A sa su sake rubuta ƙarshen labarin ba tare da fashewa ba, su nuna abin da mutanen tungar za su ce wa juna washegari.

8.0 Kammalawa

Mun nuna cewa wasan ya gina tuhuma a matakai uku, ya raba ta tsakanin taurari huɗu, ya kuma mai da ita jarrabawar amana a tsakaninsu. Mun kuma nuna cewa ƙarshensa ya kauce wa tambayar da ya tayar. Wannan gazawa ba ta hana shi shiga aji ba, domin ɗalibin da ya iya gano ta ya fara tarke ke nan. Muna fatan kwamitocin manhaja za su gwada waɗannan darussa a 'yan makarantu kaɗan, su tattara ra'ayin malamai, kafin a yanke shawarar faɗaɗa su.