Fari a Ƙagaggun Labaran Gona na Afrikaans

A 1925 Afrikaans ya zama harshen hukuma a Afirka ta Kudu, kuma cikin nau'o'in ƙagaggun labaran da suka fara yin ƙarfi a harshen akwai labarin gona, wanda masu harshen ke kira plaasroman. Ginshiƙinsa gonar gado ce: kakanni sun share ta, jikoki suna fafutukar kada ta suɓuce musu. Babban abin da ke girgiza wannan gado kuwa shi ne fari.

Marubutan sun ga abin da idonsu. Rabon gado ya yi ta yayyanka gonakin Buwa, wato manoma fararen fata, har kason mutum ya kasa ciyar da iyalinsa. Bashi ya yi musu katutu, da yawa suka kwashe komatsansu zuwa birni. A 1932 Hukumar Carnegie ta fitar da rahotonta kan talaucin fararen fata, sannan farin 1932 zuwa 1933 ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa. Tun kafin nan, a 1930, C.M. van den Heever ya wallafa Droogte, labarin 'yan'uwa manoma da rashin ruwa ya durƙusar. A irin waɗannan littattafai fari jarrabawa ce daga Ubangiji. Manomi yana duban sama, yana ƙirga tumakin da suka mutu, yana auna imaninsa da na iyayensa. Baƙin cikin na gaske ne, kuma an rubuta shi da tausayi mai ratsa zuciya.

Sai dai tausayin yana da shinge. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kawai, ta mai da masu noma nasu 'yan ƙwadago a gonakin wasu. Idan ruwa ya ɗauke, su ake fara sallama, amma da wuya labarin ya bi su ya ga inda suka kwana. J.M. Coetzee ya fito da wannan giɓi a littafinsa White Writing na 1988: guminsu ne ke raya gonar, amma an kawar da su daga hoton domin haƙƙin mallakar Bature ya zauna daram.

Marubutan da suka biyo baya sun koma kan gonar domin duba wannan giɓi. A Toorberg na Etienne van Heerden, wanda ya fito a 1986, iyalin Moolman suna ta haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin Karoo mai ƙarancin ruwa, har wani yaro ya faɗa ɗaya ya rasu. Binciken da majistare ya zo yi ya tono wani reshen dangin, masu ruwa biyu, waɗanda aka ture gefe aka hana gado. A nan ƙafewar ruwa ta zama sakayyar zalunci, domin rowar da aka yi wa 'yan'uwa ta riga ta busar da gidan.

Abin da ya sa wannan adabi ya cancanci a karanta shi da natsuwa ke nan. Fari yakan sauka a kan kowa, amma doka da mallaka ne ke yanke wanda zai sayar da garke ya tsira da wanda za a kora da yunwa. Labarin fari da ya tsaya kan asarar mai gona rabin gaskiya ya faɗa, kuma marubutan Afrikaans da kansu ne suka ɗauki nauyin cike ragowar.