Surar Mai Tara Kayan Da

Akwai wani malami a ƙasar Faransa, ana ce da shi Peiresc, ya rasu cikin 1637. Ya ƙare ransa wajen tara tsofaffin kuɗi da littattafai. Wani gwani, Claude Mellan, ya sassaƙa surarsa bisa jan ƙarfe, aka buga a takarda.

Hannun Mellan kam ba shi da makusa. Amma ni a ganina surar ta gaza, don ba ko anini guda na abin da mutumin ya tara. Mai dubawa sai ya ce alƙali ne kurum, ko da yake alƙalancin ma ya yi.

Mu nan Anka, da za a zana mana Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu cikin 1997, ba mu yarda a raba shi da takardunsa ba.