Harajin da ke ƙara a waya da wanda ba ya ƙara

Yaƙin da jam'iyyar NDC ta yi da harajin E-Levy a Ghana aiki ne na gwanaye, kuma gwanintar ce ta rufe ramin da ke tsakiyarsa.

Tun da Ken Ofori-Atta ya kawo batun cikin kasafin Nuwamban 2021, kashi 1.75 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ta waya, NDC ta san tsuntsu daga sama gasasshe ya faɗo mata. Harajin nan ba ya ɓuya. Ka tura wa tsohuwarka sidi ɗari uku Tamale, waya ta yi ƙara, ga abin da aka yanke maka a rubuce. Ba sai an yi wa 'yar kasuwar Nima lacca ba. Sai suka ɗora masa kalma ɗaya ta Twi, Yentua, wato ba za mu biya ba, suka fita da ita titunan Accra a Fabrairun 2022. Suka tono hirar da Bawumia ya yi a 2020, inda da bakinsa ya ce bai kamata a taɓa kuɗin waya ba. Mu ma'aikatan rediyo mun san darajar irin wannan murya, ba ka buƙatar ƙara mata gishiri. Aka ba hammata iska a majalisa, aka zartar da harajin a kan kashi 1.5, daga baya ya sauko zuwa 1.

Inda nake da ja shi ne tambayar da yaƙin ya ƙi amsawa. Ƙasar da ta shiga shirin IMF na dala biliyan 3 a 2023, in ta soke haraji, da me za ta cike gurbin? Masu kiran waya a shirina sun sha yin wannan tambaya. Amsar ba ta wuce za mu toshe ɓarna, za mu rage ministoci. Magana ce mai daɗin ji, amma babu lissafi a cikinta.

Mahama ya cika alkawari, wannan ba a hana shi. A Afrilun 2025 ya sa hannu aka soke E-Levy da harajin caca. Wata biyu bayan nan majalisa ta ɗora sidi ɗaya a kan kowace litar mai, don biyan bashin ɓangaren lantarki. Wannan kuwa ba ya aiko da saƙo. Yana shiga kuɗin trotro, ya shiga kwandon tumatir daga Techiman, wanda ko layin waya ba shi da shi ma ya biya.

Akufo-Addo da ya sa wa E-Levy hannu yana cikin jagororin zanga-zangar Kume Preko ta 1995, wadda ta tilasta wa Rawlings janye harajin VAT. Yanzu 'yan NPP sun koma kujerun adawa, har sun raɗa wa harajin man suna, D-Levy, daga dumsor, kuma su ma ban ji sun faɗi inda kuɗin zai fito ba.