Adon Mazubi da Zanen Hannu a Gidajen Birnin Kudu da Gwaram

Wanda ya kwana biyu bai zo Birnin Kudu ba, ko bai leƙa Gwaram ba, zai tarar sababbin gidaje sun sake kama. Ga fararen ginshiƙai biyu a bakin ƙofa, kawunansu da murɗaɗɗen ganye, ga dajiya mai hawa-hawa a saman bango da kewayen taga. Ka shiga falo, silin fi-o-fi ne, da fure a tsakiya inda fanka ke rataye. Yanzu ango ma sai ya ji gidansa bai ƙaru ba in babu wannan.

Adon ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mana. A ƙarni na 15 maginan Italiya, irin su Brunelleschi, suka koma kufan tsohuwar Rum suna aune-aune, suka farfaɗo da salonta. A 1570 Palladio ya buga littattafansa huɗu na gini, ƙa'idojin suka bazu a Turai. Wani reshen ya biyo ta Barazil, inda 'yantattun bayi suka dawo da shi Legas. Masallacin Shitta-Bey na 1894 shaida ne. A wurin waɗancan magina komai da awonsa: kaurin ginshiƙi shi ke yanke tsawonsa, dajiya kuma aikinta tunkuɗe ruwan sama daga jikin bango.

Awon nan ne ya salwanta a hanya. Na tsaya kan wani mai fi-o-fi yana aiki: ya dama garin a roba, ya kwarara a mazubi, ya shimfiɗa zare a ciki don ƙarfi, kafin a sha shayi ya ɓamɓaro fure. Hannunsa da sauri, ban raina gwanintarsa ba. Amma furen nan shi ne a gidan maƙwabci, shi ne a Dutse, shi ne a Abuja. Ginshiƙin ƙofa kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da komai, siriri ne ƙarƙashin ƙaton kai. Hunturu ya zo, ƙura ta kwanta a kowane lungu na ganyen. Kwano ya yi yoyo da damina, silin ya yi jirwaye, wata rana ya rufto.

Abin da ke damuna shi ne ba baƙi ba ne mu a adon bango. Tun kafin tarihin da muka sani, mutanen yankin nan suka zana shanu a jikin Dutsen Habude. Maginin Hausa yakan yaɓa ƙasa, tun tana ɗanye ya fitar da dagi da yatsunsa, ya shafe da makuba, ya tsayar da zankwaye a saman soro. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wa bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya irin wannan ado a ƙarni na 19, har gobe masana gini na zuwa kallo. Zanen kowane zaure daban yake, domin hannu ba ya maimaita kansa daidai.

Ba na cewa a koma tubali dole. Siminti ya zauna. Sai dai mazubi roba ce ko katako, abin da aka sassaƙa mata shi take haifarwa. Na tambayi mai fi-o-fin nan ko zai iya fitar da dagi a kewayen silin. Ya ce, “Ranka ya daɗe, aiki ne mai sauƙi, ba a dai taɓa nema ba.”