Jinjina ga Masu Haɗa Kwamfutar Dell

A shekarar 1984, Michael Dell yana ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin ya fara haɗa kwamfuta a ɗakin kwanansa, yana sayarwa kai tsaye ba dillali a tsakani. A 1996 kamfaninsa ya buɗe shago a intanet. Mai saye yana zaune a gida zai zaɓi girman ma'ajiya da faɗin allo, ya biya, sannan a haɗa masa tasa.

Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne ma'aikatan da mai saye ba ya gani. A wancan zamani, oda na shigowa sai ta bayyana a masana'anta, kamar ta Penang a Malesiya ko ta Xiamen a Sin. Masu kawo kayan haɗi suna da rumbuna dab da masana'antar, ana sanar da su ta intanet abin da ake buƙata, su turo daidai gwargwado. Ma'aikaci ya jawo tire ɗauke da kayan kwamfuta ɗaya tak, ya ɗaure sukurori, ya gwada, ya manna mata lambar da za a riƙa gane ta da ita duk inda ta je.

Aiki ne na ido da lissafi, domin kayan kwamfuta kamar tumatir suke, darajarsu na zubewa kullum. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 Dell ke ajiye kayan 'yan kwanaki kawai, alhali abokan gasarsa na tara na makonni. Sau da yawa ma kuɗin mai saye kan shigo hannu tun kafin lokacin biyan mai kawo kaya ya yi.